Tabon Sigari a Motar Horace Tranter

Horace Tranter direban bas ne a birnin Coventry har ya yi ritaya. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, don haka tun ina amarya na san shi: dogo, mai manyan hannuwa, magana ba ta dame shi ba. Yana da wata ƙaramar mota ƙirar Triumph, koriya, mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda ya saya tun yana saurayi. A cikinta ya nemi auren matarsa Beryl. Da yara suka zo aka tura motar gareji, aka jibga mata tsofaffin labule da kwalayen kayan Kirsimeti.

Bayan rasuwar Beryl 'ya'yansa suka yi ta fama ya koma wajensu, ya ƙi. Sai wata safiya na ga ya yaye labulen nan yana kakkaɓe motar. Injin bai ba shi wuya ba. Dashbod ɗin ne aiki, wato allon gaban motar mai ɗauke da agogunan gudu da na mai. Katako ne da aka manna wa siririn fallen itace mai kyan zane, man sheƙin da ke kai duk ya tsattsage ya koma rawaya. Ya kwance agogunan, ya ciro katakon, ya shimfiɗa shi a teburin kicin.

A gefen fasinja akwai wani baƙin tabo kamar kan ɗan yatsa. Ya ce min sigarin Beryl ne ya ƙona wurin, ranar da suka je bakin teku, kuma har suka dawo gida bai ce mata uffan ba don haushi. Yanzu kuwa duk katakon wurin nan kaɗai yake so ya bari yadda yake. Ya yi niyyar goge kewayensa kawai. To hannun da ya saba da sitiyarin bas bai san lallashi ba. Samfefa ta ci fallen, ya ɓantare ya tafi da tabon, ya bar farin katako tsirara.

Na same shi zaune, shayinsa ya huce.

"Na goge ta, Misis Oakes," ya ce.

Daga nan ya rufe gareji, ya daina fitowa ko ɗaukar jarida.

Ni na kira Glenys, ƙanwar Beryl, wadda ta yi ƙuruciyarta a wurin da ake manna irin wannan falle wa masana'antun mota. Ita da Horace ba su taɓa shiri ba. Rediyo yake ce mata, ita kuma ta ce masa gunki. Ta zo da jakarta, ta sa tabarau ta duba ɓarnar.

"Da samfefa ka yi wannan, ko da shebur?"

Ya ce ƙofa a buɗe take. Ta tuɓe kot ɗinta ta ɗora butar shayi.

Da suka zauna, sai ya kawo shawarar a liƙa sabon falle a sake ƙona shi da sigari daidai wurin. Glenys ta ce yayarta ba da gangan ta yi ba, ita ma ba za ta yi da gangan ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Yatsunta sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai, don haka ita ke nunawa, shi ke yanka guntun fallen da za a yi faci da shi. Suka shafa gam, suka danne facin da dutsen guga da manyan tukwane. Sannan aka shiga shafa man sheƙi: a shafa, a bari ya bushe, a goge da ruwa a hankali, a sake. Glenys ta hana suya a kicin ɗin don kada maiƙo ya sauka a kan aikin, sai suka koma cin abinci a gidana. A teburina, kan dankali da kifi, take ba shi labarin yarintar Beryl, yadda ta taɓa sace keken limamin coci ta faɗa rafi da shi. Bai taɓa jin waɗannan ba. Ya kan ajiye cokali ya ce, "Sai kuma me?"

Facin ya fito ya ɗan fi sauran duhu. Glenys ta so a sake, ya ce a bar shi haka.

Kafin sanyi ya shigo motar ta hau titi. Kowace Lahadi ya kan je ya ɗauko Glenys, tana mitar iska ta ɓata mata gashi, da cewa yana tsayawa a kowace tashar bas kamar an tsayar da shi. Gwiwoyinsa sun ƙi, idan sun dawo mijina ne ke jawo shi daga kujera.

Bara Glenys ta faɗi ta karye a ƙugu, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Horace bai fasa Lahadinsa ba. Ya kan tsaya ƙarƙashin tagarta ya danna hon, ma'aikatan su fito su taimaka masa ya sauka. Sun ce min tun safe take sawa a gyara mata gashi, tana cewa mutumin nan zai zo ya cika musu kunne.