Rabilu mai wifi da gawon Baba Yero

A'a, ba ruwan sama ne ke lalata rezon intanet a Mallawa ba, ku daina faɗin haka. Kuma ba Rabilu ne ke rage muku koneksiyo da gangan ba. Duk wanda ya zage shi a gurup ɗin 'yan kasuwa, ya tsaya ya karanta.

Rabilu ɗan gidan manoma ne. Gyaran waya ya fara a gefen tasha, a bidiyo ya koyi sauran, har ya kafa wifi a butik ɗinsa. Antan, wato eriya, ɗaya a kan rufinsa, ɗaya a wani ƙauye mai rezo da ƙarfi, suna kallon juna ta saman gonaki. Duk damina abin ya tafi sumul.

Kaka na shigowa, sai murya ta fara yankewa. Kana magana da dillalin wake a Najeriya, ka ji rabin farashi, rabi ya ɓace. Masu wake suka yo masa ca.

"Malam Injiniya," in ji Habibu mai awo, "wifin naka azumi yake yi?"

"Kai dai auna wakenka."

"In kasuwa ta sake ci a haka, wallahi mun tashi daga wurinka."

Rabilu bai zauna ba. Ya aika saƙon gwaji, wasu su dawo, wasu su bi iska. Ya zargi katangar tsaron da ke cikin akwatin wifi, mai tace abin da zai wuce. Ya buɗe ta, ya rufe, ya goge komai ya sake. Ya canza wayar antan. Ya canza batir. Abinci ma a tsaye yake ci.

Sai ranar da ya hau rufi zai ɗaure antan, ya duba gabas wajen ɗayan antan ɗin, bai ga hanya ba. Gawon gonar Baba Yero, makiyayin nan mai noma a bayan gari, ya yi ganye shar, ya tare tsakaninsu. Da damina ya kafa antan, lokacin da gawo ke tsirara, ya manta cewa shi da rani yake sa riga.

Ya hau moto sai gona.

"Baba, reshe biyu kawai zan sassabe."

"Ɗana, ka ga 'ya'yan sun nuna?"

"Ba su nuna ba."

"To shanuna su ci wifi? Da bazara nake sara musu, in ciyawa ta ƙare. Ka dawo lokacin, ni zan ba ka gatarin."

Da ya dawo, Habibu ya ce a je a sare kawai, wa zai sani? Rabilu ya ce wanda ya taɓa itacen nan kada ya sake shigo masa butik.

To ga inda ake. In ya jira, kafin bazara cinikin wake ya wuce, masu wake sun watse, butik ya mutu. Abin da yake nema ƙarfe ne dogo da zai ɗaga antan sama da gawo, ko rufin da ya fi nasa tsawo a layin kasuwa. Jiya na gan shi yana zagaya gari da moto, kansa a sama, yana auna rufin mutane da ido.

Ku da kuka iya zagi a gurup, wa ke da dogon rufi? Wa ya san mai walda a garin Magariya da zai haɗa masa ƙarfen? Ku yi magana yanzu, kafin kasuwa ta ci.