Tsohon da Ya Ƙi Shiga Motar Kano

Shekarunsa sun haura saba'in, kuma har yau shi ke kiwon shanunsa da kansa. Haka na ji ɗansa, wani mai agogon hannu, yana yi wa ɗan kamasho ƙorafi a tashar Kankiya gab da magariba. Asibitin ido zai kai shi a Kano. In likita ya ce gani ya ragu, sandar kiwo ta koma hannun wani ke nan.

Tsohon na tsaye, dogo siriri, malfa a rataye a bayansa, sanda gicciye bisa kafaɗu. Ko kallon motar ba ya yi. Gabas ya fuskanta, inda wata ke fitowa jawur ta bayan wata kuka, kamar a kai hannu a taɓa. Da gani ya daɗe yana karanta sama a daji.

"Ga shi can ƙato kamar faifai," in ji shi. "In ya hau tsakiyar sama sai ya ƙanƙance."

Ɗan ya ce, "Baffa, girmansa ɗaya ne. Ido ne ke ruɗin mutum."

"Idon wa?"

"Miƙa hannu ka kare shi da ɗan yatsa ka gani."

Ya miƙa. Farce ɗaya ya rufe watan ruf. Ya daɗe yana duba farcen.

"Kai fa, yaya kake ganinsa?"

"Ƙato, Baffa."

"To kai ka shiga motar."

Ya gyara sandarsa, ya kama hanyar ƙauyensu Sukuntuni a ƙasa.