Gwaggo Mai Ɗinki da Katin Kotu

Gwaggo mai ɗinki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi wa 'yar ƙaninta abin da uwa ma sai ta yi da gaske. Yarinyar marainiya ce, shekararta sha biyar aka kama ta da wayar sata. Kotun yara ba ta tsare ta ba, ta damƙa wa Gwaggo ita bisa sharaɗi: kowace Alhamis su je wurin jami'ar da ke sa ido a kanta ta sa hannu a kati, kuma ƙarfe shida ta yi mata a gida. In ta saɓa sau ɗaya, sai gidan gyaran hali.

Daga ranar unguwa ta juya musu baya. Masu kawo ɗinki suka riƙa cusa waya a zani kafin su shigo. Mai shagon da ke kallon ƙofarsu, mutumin da Gwaggo ta ɗinka wa 'ya'yansa kayan makaranta, shi ya nemi lambar jami'ar, ya zauna yana gadin agogo. Gwaggo kan leƙo ta ce, "Sannu da aiki, maigadi, nawa suke biyanka?"

Wata takwas ba fashi, har yarinyar ta iya yanka riga. Sai ciwo ya kayar da Gwaggo a kan keken ɗinki, yarinyar ta kai ta asibiti, ba ta dawo ba sai bakwai saura. Mai shago ya buga waya.

Ranar zaman kotu Gwaggo ta sa aka cire mata ƙarin ruwa, ta je tana dafa bango. Ta ɗaga wa alƙali hannunta mai auduga ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na makarar da ita. In tsarewa ce, ga ni." Alƙali ya yafe.

Kwana tara bayan nan Gwaggo ta cika.

Aka ce sai wani ɗan'uwa ya karɓi katin. Kawunnai uku suna zaune a tabarmar gaisuwa, kowa ya sunkuyar da kai, ɗaya ya ce gidansa akwai yara. Wata aminiyar Gwaggo ta miƙa hannu, jami'ar ta ce takarda dangi ta ambata. Ranar Alhamis mota ta zo ta tafi da yarinyar, idonta a kumbure, mai shago yana tsaye yana kallo.