Wule, Saniyar da Dada Ta Hana Ni Gasawa

A unguwarmu a Garwa, lokacin da muke yara, ba a saya wa yaro abin wasa. Wanda ya iya lanƙwasa waya ya yi kamyo, wato babbar motar kaya, ya yanka tsohon silifa ya yi masa tayoyi. 'Yan mata su ɗaura wa totuwar masara ƙyalle, su goya ta, su yini suna yi mata faɗa. Ni hannuna bai taɓa jituwa da waya ba, laka na iya. In ruwan Binuwai ya ja baya da rani, yakan bar wata baƙar laka mai danƙo a gaɓa. Ni da yayata Uwani sai mu ɗebo ta a tsohon bokiti, mu zauna gindin dalbejiya mu yi ta ƙera shanu.

Mai duba aikin ita ce Dada, mahaifiyar babanmu. Bafulatana ce daga wata ruga can bayan Pitowa. Kakanmu, Bahaushe mai fataucin goro, shi ya auro ta ya kawo ta birni, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta gama miƙewa ba. Bayan an ci tuwon magariba, garwashi na da sauran ja a murhu, sai ta jawo tabarmarta kusa ta ce a kawo mata garke. Ta ɗauki kowace saniya ta jujjuya, ta shafa tozo, ta taɓa ƙaho.

"Maigida," haka take kirana, "wannan saniya ce ko jaki ka yi wa ƙaho? Da irin waɗannan za ka riƙe ni? Gara in tattara ƙwaryata in koma gidanmu."

Wadda ta yi mata kyau, sai ta raɗa mata suna. Akwai Daneye, akwai Sayye. Amma sunan Wule ta daɗe tana riƙe da shi, ta ce ba kowace laka ce za ta ɗauke shi ba. A faɗarta, Wule tana da farin goshi, ƙahonta na hagu ya karkata ƙasa kamar an murɗe shi, tozonta kuma babba ne har ya kwanta gefe. Na yi ta ƙerawa tana mayar mini. Ranar da na dace, na shafa mata toka a goshi na miƙa, Dada ta riƙe ta ta shafa, sannan ta ce, "To, ga ta." Ban taɓa son wani abu da na mallaka kamar yadda na so saniyar nan ba.

Matsalar ita ce damina. Baba ya hana a kwana da siffar abu mai rai a ɗaki, don haka garkenmu a waje yake zama, cikin ɗan shingen kara da muka yi bayan ɗakin Dada. Duk shekara ruwan farko ke cinye su. Mun gwada kifa musu kwano, ruwan tsakar gida ya bi ta ƙasa ya narkar da ƙafafu. A da ban damu ba, amma a wannan shekarar ina da Wule. Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, Uwani ta zo da dabara: mu tura shanun cikin garwashi su gasu kamar tukunya, ruwa ba zai ƙara yi musu komai ba.

Na ɗauko Wule na nufi murhu. Dada ta tare hannuna da muciya.

"Ita wannan ba za ta shiga wuta ba. Zauna. Ku ɗaure shanunku, za mu yi tafiya."

Haka take buɗe tatsuniya, ba kamar sauran tsofaffi ba. Ta ce an yi wani makiyayi, Sambo, mai shanu da yawa, ya san kowace da sunanta, in ya kira ta daga nesa sai ta ɗago kai. Amma kowace shekara sai ya rasa wasu: wata kura ta ja, wata ciwo ya kayar, wata tsufa. Abin ya ishe shi. Ya tafi bakin kogi wajen wata tsohuwa da ke zaune ƙarƙashin ruwa, ya roƙe ta ta ba shi maganin da shanunsa ba za su ƙara mutuwa ba. Tsohuwar ta tambaye shi ko ya yi tunani, ya ce ya yi. Ta ba shi ruwa a ƙoƙo ta ce ya yayyafa musu. Da gari ya waye ya tarar da su kwance yadda ya bar su, duk sun zama duwatsu.

"Da fari ya yi murna," in ji Dada. "Kura ta zo ta karya haƙori. Sambo ya yi barci har da minshari, irin na maigidana."

Sai dai dutse ba ya ba da nono, ba ya haihuwa, ba ya neman a kai shi mashaya. Sambo ya daina kiransu, tunda ba inda za su. Wata rana kewa ta kama shi, ya shiga tsakaninsu ya buɗe baki zai kira wadda ya fi so, sai ya rasa wacce ce ita, sunan ma ya ɓace masa. Ya yi ta zagaye yana shafa duwatsu har tsufa ya cim masa. Dada ta ce in mun bi hanyar Pitowa za mu gan su kwance a gindin tsauni. Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Na dawo da ku gida, kowa ya duba ƙafafunsa ko sun cika."

Uwani ba ta da tsoro. Ta ce, "Dada, ai wannan tatsuniya ce kawai," ta tura saniyarta ɗaya cikin garwashi. Dada ba ta hana ta ba. Washegari saniyar ta fito ja, ƙaƙƙarfa, in an ƙwanƙwasa har ƙara take yi. Ni kuwa na mayar da Wule shinge ina jin haushin Dada.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauko, muna lakwal, wato makaranta. Ina jin ƙararsa a kan kwanon ajinmu na san abin da ke faruwa a gida. Da aka tashi na yi ta gudu. Ban sami komai a shingen ba sai ɗan tudun laka da farin toka a samansa. Na zauna cikin taɓo na yi kuka sosai, na ce ba zan ƙara yi wa Dada magana ba.

Da magariba ta zo da kanta ta zauna kusa da ni. Ba ta kira ni maigida ba.

"Ɓingel am," ta ce, wato yarona, "ni ma na yi wa Wule kuka. Ta gaske. Ta babana ce, ni nake tatsar ta. Annoba ta shigo rugarmu ina yarinya, kafin kaka garke duka ya ƙare. Daneye, Sayye, duk su ne. Ba abin da ya rage mini sai sunayensu." Ta goge mini fuska da gefen mayafinta. "In ka gasa ta, za ka ajiye ta ka manta. In ruwa ya ci, baɗi dole ka zo ka tambaye ni yadda ƙahonta yake."

Na koma na tambaya kuwa. Da rani ya dawo na sake ƙera Wule, ruwa ya sake ci, na sake yi, har na girma na bar wasan laka. Ta Uwani tana nan har yau a kan tagar ɗakin ajiya, ƙura ta rufe ta. Kwanan baya na tambayi Uwani sunan saniyar, ta yi ta tunani ta kasa tunowa.

Dada ta yi tsawon rai. A ƙarshe idonta ya tafi, tunaninta ma ya bi. Lokacin ina aiki a Figil, ina zuwa ƙarshen mako. Wani zuwa na gaishe ta, ta amsa mini da ladabi irin na baƙo, ta tambayi Uwani ko ɗan wane ne wannan. Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Na fita kamar mai neman iska, ƙafata ta kai ni bakin kogi. Ga ni magidanci da 'ya'ya, na naɗe wando na ɗebo laka a leda. Ban yi tunanin komai ba, hannuna ne ya yi aikin: wuya, tozo, ƙahon hagu a murɗe. Na lakato toka a murhu na shafa a goshi, na sa mata a tafin hannu da ɗanyenta.

Yatsunta suka bi bayan saniyar a hankali, suka hau kai, suka tsaya a ƙahon da ya karkata.

"Wule," ta ce. Ta sake shafawa, ta ɗan taɓe baki. "Maigida, har yanzu ba ka iya tozo ba."

Wannan ne karo na ƙarshe da ta gane ni. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar Sambo dabara ce kawai ta hana yaro wasa da wuta, ko ta koya masa haƙurin rashi. A ranar na fahimci Dada ba ta da inda za ta ajiye garken babanta sai a hannuwanmu, kuma ta san hannu ba ya riƙe abu sai wanda yake maimaitawa. Ba don ruwan da ya yi ta cinye mini saniya ba, da ban sami abin da zan kira ta da shi ba lokacin da sunana ya ɓace mata.

'Ya'yana suna da motocin roba cike da kwali, ba abin da ruwa ke yi musu. Duk da haka in kogi ya ja baya nakan kai su mu ɗebo laka. Bana autata ta kawo mini Wulenta, ta ce tana so ta sa ta a wuta kafin damina. Na karɓa na duba ƙahon, na ce ta zauna tukuna, ta ɗaure shanunta.