Dashen da Aka Bari Ƙarƙashin Kujeru

Tun yana da baƙin gashi yake kula da ciyawar filin wasa, har furfura ta cinye masa kai, yara da manya suka koma kiransa Baban Fili. A gabansa aka yi wasannin neman taimako iri-iri: na ambaliya, na marayu, na yaƙi da shara. Kowanne ya watse, shi ake bar wa filin ya koma tamkar turken shanu.

Bana aka ce saboda bishiyoyi mawaƙa za su taru, kuma duk wanda ya sayi tikiti zai koma gida da dashe guda. Wannan kam ya ɗan motsa masa rai. Da aka sauke dashen cikin baƙaƙen ledoji a tsakiyar rana, ya jawo tiyo zai ba su ruwa, sai ga manajan filin a guje.

"Baba, rufa mini asiri! In leda ta jiƙe ta ɓata wa manyan baƙi tufafi, wa zai amsa?"

"Ranka ya daɗe, masu rai ne fa."

"Su yi haƙuri zuwa jibi. Mu ma haƙurin muke yi."

Ranar wasan a ɗakin ajiyar kayan aiki ya zauna, ganguna suna girgiza kwanon rufi. Da ya koma gida, matarsa ta tarye shi da tsiya: "Maigida, an ceto duniyar, ko da saura?"

"Saura shara," in ji shi.

Kashegari ya bi layin kujeru yana duƙawa, gwiwoyinsa suna ƙara. Yawancin dashen nan aka bar su. Wasu an tattake, wasu an cusa musu guntun sigari. Sai ya ɗan kankare ɓawo da farce, in ya ga kore ya sa a baro. Abin da ya tsira bai cika baron ba.

Yana haƙa ramuka a gindin katanga manajan ya zo wucewa.

"Ba nan ba, Baba. Nan motocin janareto za su tsaya baɗi. An ce wasan ya ƙayatar, za a maimaita."

Tsohon ya jingine shebur. Sannan ya tura baronsa ya fita ta ƙofar baya, ya shiga unguwa gida-gida yana sallama, yana tambayar wanda yake da ɗan wuri, kuma ba ya ƙyashin ruwa.