Baba A-Sake, Wanda Ƙarfensa Ya Tayar da Inna Tsaye

Kullum kafin ma'aikata su gama gaisawa, za ka tarar da shi ya riga ya shafa wa injin matsi mai, ya jera sandunansa. A masana'antarmu ta ƙarfe ba a san shi da wani suna ba sai Baba A-Sake, don kalmar ba ta barin bakinsa.

Aikinsa shi ne ya ɗauki sandar alminiyom ko titaniyom, ƙarafa marasa nauyi, inji ya tura ta cikin wata kwana mai tsauri, ta fito, ya ɗan juya ta, ya sake turawa. Injiniyoyi sun ce kowace matsa tana farfasa ƙwayoyin cikin ƙarfen, har su yi ƙanƙantar da ido ba ya gani. Nauyi ba ya ƙaruwa, sai ƙarfi. Ranar da na ɗaga sandar da yatsu biyu, aka ce za ta ɗauki ƙaton mutum, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Matarsa, Inna, ta rasa ƙafa a hatsarin mota. Ƙafar roba da aka ba ta kuwa ta jingine ta bayan ƙofa.

"Malam, wannan ai turmi aka ɗaura mini," in ji ta. "Bar ni na zauna."

Ta zauna ɗin, har ta daina leƙa tsakar gida. Abin ya ci masa rai.

Da masu ƙera ƙafafun roba suka nemi ƙarfe mara nauyi, ɗoki ya sa Baba ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ƙara wa inji gudu. Sandar ta tsage. Wata injiniya ta dafa tebur, ta ce, "Baba, yau ni zan faɗa maka. A sake." Ya share ido, ya sake, a hankali.

Baba, kai ne mai haƙurin da ƙarfe ke yi wa biyayya. Ƙarfenka yana cikin motoci da ƙafafun mutanen da ba su san fuskarka ba. Mun gode, Allah ya saka. 'Yan baya, ku koyi wannan haƙurin.

Ranar da ya yi ritaya, Inna ta shigo masana'antar da sabuwar ƙafar da aka ƙera mata da ƙarfensa, ba sanda, ta taka har gaban injin. Baba ya dube ta, ya ce, "Inna, don Allah, a sake."

Ta koma bakin ƙofa, ta sake takowa.