Yadda Jakar Inna Ta Gudu Daga Aikin Soja

A shekarun da Turawa ke yaƙi da junansu, Faransawa kuma suna fama da Buzaye can wajen Asbin, saƙo ya zo daga Gumel cewa Nasaran da ke mulkinmu zai taimaki na Damagaram da hatsi. A baki taimakon nasa ne, amma geron namu ne, jakunan ma namu. Bulaman ƙauyenmu, nan kusa da Ɗanzomo, ya ce kowane gida ya ba da dabba da mai kora ta.

Jakinmu guda ne, mace, kuma ta mahaifiyata ce, Inna. Da ita take kai daddawa kasuwar Maigatari, da ita ake ɗebo ruwa. Tun rasuwar babanmu jakar nan ta fi ni riƙe gidan, ko da yake na yi aure har ina taje gemu. A lokacin tana da ɗa mai shan nono.

Ranar tafiya na ɗora mata akumari da taikunan gero, na je zan kwance ɗan ya bi mu kamar yadda kowa ya yi. Inna ta tsaya a kan turken, ta ce babu inda za shi. Na ce jakar za ta yi ta waiwaye ta ɓata mana tafiya. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, saboda haka zanan gida ta fuskanta ta ce:

"A gaya wa mai gemun can, waiwayen nake so."

Abokan tafiya suka kwashe da dariya. Don in wanke kunyata na ce tsufa ne ya soma taɓa ta. Ta kuwa ji. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Jaka kuwa ta yi waiwaye. Kowace mararraba sai ta juya kudu ta yi kuka, ina ja tana turjewa, har abokai suka ce ni za a ɗora wa kayan, na fi ta ladabi.

A wani zango bayan iyaka muka tarar da sojan Faransa. Aka sauke gero. Sai tafintansu ya ce sabuwar runduna ake haɗawa da za ta yi arewa, kuma runduna ba ta tafiya sai da dabbobi. Mu mu koma, jakuna su zauna. Aka ɗana wa kowanne ƙarfe mai zafi a cinya. Waɗanda suka zo da 'ya'yan jakunansu suka rasa uwa da ɗa. Muka juyo da sanduna a kafaɗa, ba wanda ya ƙara tsokanar wani. Ni dai duk hanya ina shirya abin da zan faɗa wa Inna, in ɗinka in warware. Har a Maigatari na yi ta ja da baya, ina cewa ƙafata ce ke ciwo.

Da hantsi na shiga gida da sallama ƙasa-ƙasa. Ga jaka a turke, guntuwar igiya a wuyanta, tambarin Faransa a cinyarta, ɗanta na tsotso kamar zai cinye ta. Ashe ta tsinke ta biyo daji, ta riga mu isowa. Inna na zuba mata dusa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"A tambayi mai gemun," in ji ta, "shi ba wanda ya bari a gida ne, da ya daɗe haka?"

Matata ta toshe baki da zane ta shige ɗaki. Na durƙusa na gaishe da Inna, ta tura mini ƙwaryar fura da gefen ƙafa.

Daga nan duk ranar kasuwar Maigatari sai Inna ta kwaɓa laka ta shafe tambarin kafin su fita. Bulama ya taɓa tsayawa ya daɗe yana duban cinyar, sannan ya ce jakar nan akwai son birgima, ya wuce.